Danƙo a Gwangwanin Ƙusa

Kwana goma sha biyu da rasuwar Kafinta, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, matarsa tana zaune a bakin ƙofar ɗaki tana juya abinci a kwano. Kowa ya ɗauka baƙin ciki ne ya hana ta ci. Baƙin cikin yana nan, amma akwai wani ɗan abu da ta ji kunyar faɗa: cikin leɓenta da gefen harshenta sun yi ƙuraje, ko ruwa ta kurɓa sai ta runtse ido. Ina mace za ta buɗe baki ta ce harshenta na ciwo, alhali an kai mijinta makwanci?

Maƙwabciyarta ce ta gane, wata doguwar mata mai furfura da unguwa ke kira Mai Kwalba. Ta shigo aron tsintsiya, ta tsaya tana kallonta.

"Matar Kafinta, da gefe ɗaya kike tauna."

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai ɗin ne ya karkata miki baki? Buɗe in gani."

Ta duba, ta fita ba tsintsiyar, ta dawo da 'yar takarda a naɗe, an ɗaure da jan zare, an rubuta kwanan wata a jiki. A ciki akwai wani baƙin abu, girman ƙwayar gyaɗa, mai ƙamshin itace da zuma. Ta ce danƙon amya ne, wanda ƙudan zuma ke liƙe kafofin gidansu da shi. Ba ta bari ya kai baki ba. Sai da ta murza kaɗan a cikin tsintsiyar hannun Matar Kafinta.

"Sai gobe. In wurin ya yi ja ko ya yi ƙaiƙayi, ba naki ba ne, akwai jikin da ba ya shiri da shi. Kuma ki ji da kyau, ban ce miki magani ba ne. Ni ba likita ba ce, kwalaben masu ilimi na wanke. In kwana bakwai bai lafa ba, asibiti za mu, kina so ko ba kya so."

Wurin bai yi ja ba. A kwana na biyar ƙurajen suka lafa. Ko danƙon ne, ko lokacinsu ne ya yi, Allah ne masani. Ita kanta Mai Kwalba ta ce irin waɗannan ƙuraje sau da yawa da kansu suke tafiya. Abin da ya zauna wa Matar Kafinta a zuciya shi ne, cikin duk mutanen da suka cika gidan suna ba ta haƙuri, mutum ɗaya ce ta kalli yadda take tauna.

Mai Kwalba ba ta wuce aji huɗu a makaranta ba. Mahaifinta mai kiwon zuma ne, a wurinsa ta koyi tsayawa cikin ƙuda ba tare da ta kaɗa hannu ba. Ta yi aure, ta haifi uku, mijin ya rasu autarta tana goye. Sai ta samu aikin wanke-wanke a ɗakin gwaje-gwaje na wata babbar makaranta, ta shekara talatin da ɗaya a gaban kwamin wanke kwalabe ɗaya. Kwalba mai dogon wuya, mai faɗin ciki, siririya kamar yatsa, duk sun bi ta hannunta. Ɗauraya uku take yi wa kowace, ta ɗaga ta saitin taga, in ta ga ɗigon ruwa ya maƙale a jikin gilas ta san da sauran maiƙo, ta koma farko. Fatar yatsunta ta yi fari ta tsattsage, har ta bar aikin ba ta koma daidai ba.

Babu wanda ya taɓa koya mata komai a ɗakin, amma kunnenta a buɗe yake. Malamai suna yi wa ɗalibai bayani a bayanta kamar ba mutum a wurin, ita kuwa tana tsinta. Abin da ya fi shiga jininta shi ne takarda. Ta ga ɗalibi ya yi kuka da hawaye, gemunsa da komai, saboda takardar kwalbarsa ta ɓalle bai san me ke ciki ba. Tun daga ranar ba ta ajiye abu sai ta rubuta masa rana. Gishirin ɗakin girkinta ma yana da takarda. 'Ya'yanta suna tsokanarta cewa su ma da ta samu dama da ta manna musu a goshi.

Da ta yi ritaya, ta sa Kafinta ya yi mata amya biyar na katako, ta jera su a filin bayan gida, inda unguwa ta ƙare itatuwa suka fara. Zumar ba ta dame ta ba, danƙon take so. Takan shimfiɗa ƙyalle mai manyan kafofi a ƙarƙashin murfin kowace amya. Ƙudan zuma ba sa son iska ta shigo musu, sai su bi kafofin ɗaya bayan ɗaya su toshe da danƙo, har ƙyallen ya yi baƙi ya yi nauyi. Kowane ƙyalle da zarensa a kusurwa: ja na amyar gindin mangwaro, shuɗi na wajen itatuwan turare, fari na kusa da lemo, kore da baƙi na can ƙarshen fili. Yawan ƙullin zaren shi ne watan da aka cire shi.

Matar Kafinta tsoron ƙuda take yi, ko kusa da filin ba ta zuwa. A tsakar gida take zama ta ga Mai Kwalba ta kankare ƙyalle da bayan wuƙa, ta jefa shi cikin babban baho na wanki, tana kankara tana bayani.

"Kin ga wannan? Wajen rabinsa ƙaro ne, daga tohon itace da ɓawo suke kwaso shi a ƙafa. Kashi ɗaya cikin uku kaki ne nasu na jiki. Sauran ɗan mai ne mai ƙamshi, da garin fure, da tarkacen da sai masu na'ura. Shi ya sa na mangwaro daban, na turare daban. Wanda ya ce miki danƙo duk ɗaya ne, bai taɓa shinshina biyu ba."

"Yaya, ke da aka ce aji huɗu kika yi?"

"Aji huɗu da kwami talatin da ɗaya."

Ta ba ta labarin ɓeran da ya taɓa shiga amya, ƙuda suka kashe shi, suka kasa fitar da shi, sai suka lulluɓe shi da danƙo tun daga hanci har wutsiya. Da ta same shi bayan watanni ya bushe, ko wari babu. Wannan ne, in ji ta, ya sa masu bincike suke zargin akwai abin da ke hana ruɓa a cikinsa. "Zargi na ce," ta ƙara, tana nuna ta da wuƙa. "Zargi ba shaida ba ne."

Duk ranar da ta buɗe amya, takan ɗan kankaro na bakin murfi ta murza, ta naɗe a takarda, ta ɗaure da zarensa, ta rubuta rana, ta miƙo wa Matar Kafinta ta kan katanga. Haka aka yi shekara uku. Ban da wannan, ita ce ta raka ta karɓar takardun marigayi, ita ce ta zauna da ita ranar da aka zo kwashe katakon shagonsa. Matar Kafinta tana sa ta a addu'a bayan kowace salla, amma abin yana damunta, don Mai Kwalba ba ta taɓa neman komai a wurinta ba. Ko tsintsiyar nan ba ta dawo ta ɗauka ba.

Autar Mai Kwalba, wadda kowa ke kira Auta, ta yi karatu har ta shiga ɗakin da uwarta ta wanke wa kwalabe, wannan karon da farar riga. Binciken da za ta kammala karatunta da shi a kan danƙon amyoyin nan biyar ne: me ke cikin kowane, yadda yake sauyawa daga wata zuwa wata, da ko yana iya hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa. Don haka shekara guda cur uwar ba ta kankare ƙyalle ko ɗaya ba. Tana cirewa ta ninke ta ajiye a kabad mai duhu, har suka kai ashirin. Saura wata huɗu Auta ta miƙa aikinta. An riga an ƙara mata lokaci sau ɗaya, an kuma gaya mata babu na biyu. Matar Kafinta ta san Auta tana bincike, amma ba ta san a ƙyallayen yake ba.

A daidai lokacin aka kira Mai Kwalba asibiti don a cire mata yanar ido. Da safen da za su tafi, Auta ta kwaso ƙyallayen daga kabad don ta wuce da su makaranta bayan an gama aikin, ta rasa abin zubawa, ta jera su a bahon wanki. Mota ta iso tana ta oda, suka fita a gurguje suka bar bahon a tsakar ɗaki. Mai Kwalba ta miƙa wa Matar Kafinta makulli ta ce ta riƙa ba kaji ruwa.

Da Matar Kafinta ta buɗe ɗakin ta ga baho cike da baƙaƙen ƙyallaye, sai ta ji wani daɗi ya kama ta. Ga dai abin da za ta yi wa Yaya. Baiwar Allah, ido ya hana ta wanki har ya taru haka!

Ta sa ruwan sanyi da sabulu, danƙo ya ƙi motsi. Ta tafasa ruwa, ya yi laushi ya bi hannunta ya maƙale a farce. Ta lura ƙyallayen sun fi na da nauyi, ta ce a ranta idon ne ya sa Yaya ba ta kankare su da kyau ba. Ta tuna yadda marigayi yake cire fenti daga hannu, ta ɗauko kananzir ta jiƙa su, ta cuɗa, ta sake tafasawa. Kwana uku tana fama, bayanta kamar zai ɓalle. A rana ta uku ƙyallaye ashirin suna kan igiya, ba su yi fari fat ba, amma ana hango rana ta kowace kafa. Ta goge su, ta jera bisa launin zare, ta ɗora a kan gadon Mai Kwalba.

Suka dawo da hantsi, uwar da bandeji a ido ɗaya, Auta tana riƙe da hannunta. Matar Kafinta tana bayansu da jaka, tana ɓoye murmushi.

Auta ce ta fara gani. Ta kalli bahon, wanke a kife. Ta kalli gado. Ta ɗaga ƙyalle ɗaya saitin taga.

"Gwaggo," ta ce a hankali, "wa ya taɓa waɗannan?"

"Ni ce, 'yar nan. Sun sha wuya kafin su fita, sai da na sa kananzir."

Auta ta zauna a ƙasa, a wurin da take tsaye. Ba ta yi ihu ba, ta dai rufe fuska da ƙyallen, kafaɗunta suna rawa. Mai Kwalba ta lalubo ɗaya ta shinshina, ta daɗe tana riƙe da shi.

"Shekara guda ke nan kika wanke, ƙanwata," ta ce. "Karatun yarinyar nan ne a jiki."

Sai a lokacin Matar Kafinta ta fahimta. Ta dafa bango tana salati.

"Umma, wata huɗu!" in ji Auta cikin kuka. "Ko yau aka shimfiɗa sababbi, shekara ba ta dawowa. Me zan kai musu? Tsumma mai guga?"

"Ke, rage murya, gwaggonki ce. Wa ya zuba su a bahon wanki?"

"Ni ce."

"Wa ya bar su ba takarda a kai, ya dogara da zare? Ni ce. Shekara talatin da ɗaya ina yi wa mutane faɗa, ga shi na yi da kaina." Ta juyo da lafiyayyen idon wajen Matar Kafinta. "Amma fa kin iya wanki. Da a wurin aikinmu ne da sun ƙwace min kwami sun ba ki."

Ba wanda ya yi dariya. Matar Kafinta ta ajiye makulli a kan tebur ta fita.

Kwana biyu ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Tana jin motsin Auta ta bayan katanga, tana jin shirun da ya biyo baya. Ta yi ta roƙon Allah Ya buɗa wa yarinyar wata hanya, kada a ce hannunta ne ya rufe mata ƙofa. A rana ta uku bayan azahar, tana naɗe sallaya, kalmar Mai Kwalba ta dawo mata: ba takarda a kai. Ta tsaya da sallayar a hannu. Ita kam tana da masu takarda.

Gaskiyar ita ce, tun ƙurajen farko ba ta sake amfani da danƙon ba. Bakinta bai ƙara ciwo ba, kuma ba ta iya ce wa Yaya ya isa, ba ta iya zubar da kyauta. Sai ta juye ƙusoshin marigayi daga gwangwaninsu, ta goge shi, ta riƙa jefa ƙullin a ciki, ta tura shi ƙasan akwatin kaya a kusurwar da rana ba ta kaiwa.

Ta ɗauko shi ta shiga gidan ba ko sallamar kirki, ta juye a kan tabarma gaban Auta. Ƙananan ƙulli suka watsu, ja da shuɗi da fari, kowane da ranarsa cikin rubutun uwarta.

Auta ta ɗauki ɗaya ta karanta, ta ɗauki wani. Ta daina kuka, ta fara jera su layi-layi.

"Gwaggo, kin taɓa buɗe su?"

"A'a."

"Rana ta taɓa su? Ruwa fa? Kananzir?"

"Wallahi ko kusa."

Mai Kwalba ta miƙa hannu ta shafa tarin. "Tsaya. Matar Kafinta, shekara uku ina hana kaina ina ba ki, ashe a gwangwani kike zubawa?"

"Yaya, kunya ce ta hana ni faɗa."

"Kunya! Ji min mata. Ni ina can ina cewa bakinki ya fi na kowa lafiya a unguwar nan saboda ni."

Wannan karon har Auta sai da ta yi dariya, da majina da komai.

Na shekarar da ake bukata guda goma sha huɗu ne, daga amya uku kawai, don na kore da na baƙi suna da ɗaci, Mai Kwalba ba ta kyauta da su. Kuma kowane bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Auta ta kai wa malamin da ke duba aikinta, ya juya takardun, ya tambayi wanda ya rubuta ranakun. Da ta faɗa masa sai ya ce ya san rubutun, ya sha ganinsa a jikin kwalabe tun yana ɗalibi. Ya yarda ta rage binciken ya koma amya uku, da sharaɗin kada ta ɓarnatar da ko ɗigo, kuma ta rubuta a fili cewa na bakin murfi ne, ba na ƙyalle ba.

Wata huɗun nan Auta ta rame. Takan jiƙa ɗan ɓarɓashi a sifirit irin na asibiti, don danƙo ba ya narkewa a ruwa, abin da ciwon baya ya riga ya koya wa Matar Kafinta. Ta tace, ta auna, ta ɗiga a ƙananan farantan gilas da aka shuka ƙwayoyin cuta a ciki. Wata rana ta kawo hoto a waya ta nuna musu: farantin ya yi dusu-dusu, amma kewayen ɗigon akwai ɗan fili fes, na shuɗin zare ya fi na ja faɗi.

"To ya zama magani ke nan?" in ji Matar Kafinta.

"A faranti, Gwaggo. Mutum ba faranti ba ne. Tsakanin wannan da a ce wa mara lafiya ya sha, akwai aikin shekaru."

"Kin ji 'yata," in ji Mai Kwalba.

Auta ta miƙa aikin saura kwana shida. Aikin ya fi wanda ta yi niyya ƙanƙanta, ita ma ta san haka, amma ya wuce. A shafin godiya ta sa uwarta, ta sa gwaggonta ta bayan katanga. Da labari ya bazu, mutane suka fara sallama a ƙofa, mai ciwon suga, mai ciwon ƙafa, har da wanda ya kawo shawarar a zuba a kwalabe a rubuta cuta goma sha biyu a jiki. Mai Kwalba takan ba su kujera da ruwa, ta saurare su, sannan ta kwatanta musu hanyar asibiti. Wasu sun ce rowa ce. Ba ta damu ba.

Mai Kwalba ta rayu shekara huɗu bayan haka. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta kamar yadda ta riƙa ɗaga kwalba saitin haske. Amyoyin suna nan, ƙyallayen da aka wanke kuwa ƙuda sun ƙi su saboda warin kananzir, sai suka koma tsumman goge tebur a gidaje biyu.

Idon da aka yi wa aiki ya ɗan buɗe, amma ɗayan ya rufe, ƙaramin rubutu ya gagare ta. Wata safiya, ba a daɗe da gama karatun Auta ba, ta leƙo ta kan katanga riƙe da hula mai raga da fensir. Tunda suke, in ban da ruwan kaji, ranar ce ta fara neman wani abu a wurin Matar Kafinta.

"Ƙanwata, zo ki raka ni bayan gida."

"Wurin ƙuda? Yaya, kin san ni."

"Na san ki. In kin tsaya cik ba ruwansu da ke, kuma ban ga wanda ya kai ki iya tsayawa cik ba. Ni zan buɗe, ni zan kankara. Ke ki duba min launin zare, ki rubuta min rana. Rubutunki kamar tafiyar kaza, amma ana karantawa." Ta miƙo hular ta kan katanga. "Kowace amya ƙulli biyu za mu yi, ɗaya na Auta, ɗaya ki jefa a gwangwaninki. Ko bayan ba ni, kada ki fasa. Kuma don Allah, duk abin da kika gani baƙi a gidana, ki tambaye ni kafin ki ɗora ruwa."